Tambaya da Amsa: Giyar Porto da Manoman Duwatsun Douro

Jama'a barkanmu da wannan mako. Yau filin namu Fotugal ya nufa, ƙasar da yawancinmu in an ambace ta sai dai mu tuna Ronaldo. Wasiƙu ne suka taru min a kan abu guda, wata giya da ake yi a arewacin ƙasar wadda ake kira Porto, da gonakin inabin da take fitowa daga cikinsu. Tun farko in faɗa, ni Musulmi ne, ba na sha kuma ban ce kowa ya sha ba, amma duk wanda ya yi tambaya yana da haƙƙin a ba shi amsa ta gaskiya, kuma bayan kwalbar nan akwai manoma da gonakin gado da guminsu, waɗannan kuwa sun dame ni ƙwarai.

TAMBAYA: Salam Malam ina wuni. Ni ɗaliba ce ina digiri na biyu a birnin Porto, wata huɗu kenan da zuwana. In na tsaya kan gadar nan ta ƙarfe ina hango wasu dogayen gine-gine a tsallaken kogi da manyan sunaye a kansu, Sandeman, Taylor's, Graham's, 'yan ajinmu sun ce wai rumbunan giya ne. Rannan dattijuwar da nake haya a gidanta ta miƙo min wani jan abu a ɗan ƙaramin kofi ta ce mai zaƙi ne ba komai, na ƙi karɓa har ta ɗan ji ba daɗi. Dan Allah mene ne shi, da gaske ba shi da ƙarfi? Kuma ana sa shi a abinci? Daga ɗaliba, Porto.

AMSA: Wa alaikumus salam 'yata, Allah ya ba da sa'ar karatu. Kin yi daidai da kika ƙi karɓa, kuma dattijuwar ba cutar ki ta yi niyya ba, a wajensu wannan shi ne abin da ake tarar baƙo da shi kamar yadda mu za mu kawo fura ko goro, sai dai maganar ba shi da ƙarfi sam ba haka ba ne, zuma ne ga zaƙi ga harbi. Giyar kwalba da ake sha a mashaya sinadarin maye a cikinta kusan kashi 5 ne cikin ɗari, ta inabi ta yau da kullum 12 zuwa 14, ita kuwa Porto 19 zuwa 22 take kaiwa, kin ga ta ninka ta farkon har sau huɗu.

Yadda ake yinta shi zai nuna miki dalili. In aka matse inabi aka bar ruwan da ɓawonsa, yis ɗin da ke jikin ɓawon sai ya kama cin sukarin yana mayar da shi maye, da za a ƙyale shi sai ya cinye sukarin tas zaƙin ya tafi. To su ba sa bari ya gama, bayan kwana biyu zuwa uku lokacin da ya ci kamar rabi sai su tsiyaye ruwan su haɗa shi da wata barasa fara mai tsananin ƙarfi wadda aka tato daga inabi, suna ce mata aguardente, ƙarfinta kashi 77. Ma'aunin da aka saba shi ne lita 115 na barasar a kan lita 435 na ruwan inabin, ya tashi lita 550, cikin ganga guda kenan wadda suke kira pipa. Da barasar ta shiga sai yis ya mutu, ragowar sukarin ya tsaya cak, shi ya sa harshe ke jin zaƙi alhali ƙarfin ya ƙaru.

Gine-ginen da kike hangowa daga gadar Dom Luís kuwa a garin Vila Nova de Gaia suke, nan ake jibge gangunan su yi shekaru. Inabin a can sama ake noma shi cikin kwarin kogin Douro, tafiyar kamar kilomita 100 gabas da inda kike, amma can zafi ya yi yawa, Gaia kuwa bakin teku ce akwai sanyi da laima. Wadda ba ta daɗe ba tana nan jawur ita ce ruby, wadda ta shekara goma ko ashirin ko talatin ko arba'in a ƙaramar ganga har launinta ya koma kamar na sukarin da aka ƙona wato ruwan ƙasa-ƙasa ita ce tawny, za ki ga sunayen a kantuna.

Maganar abinci ita ce tafi muhimmanci gare ki, ki buɗe ido sosai. Francesinha ɗin nan da 'yan Porto ke alfahari da ita, burodi da nama da cuku an malala mata miya, naman alade ne a ciki kuma miyar da giya ake haɗa ta. Akwai wani kayan zaƙi pudim Abade de Priscos, ki gan shi kamar kek ɗin ƙwai marar laifi, amma da kitsen alade da giyar Porto ake yinsa. Kar ki yarda da zancen wai wuta tana ƙone mayen duka, ba ta cinye shi gaba ɗaya. Ki haddace kalmomin nan: vinho giyar inabi ce, cerveja giyar kwalba, porco alade, toucinho da banha kitsensa, presunto busasshen namansa. Ki tambayi mai kawo abinci kai tsaye, ba sa jin haushi. Kifi kuwa Allah ya hore musu, gasasshen sadin da dankali da man zaitun ya ishe ki. Ita kuma dattijuwar ki dafa mata shayi mai citta da kanumfari ki kai mata ki yi mata bayani a tsanake, za ta gane.

TAMBAYA: Malam barka da aiki. Ina koyar da tarihi a wata sakandare a Zariya. Abin da ya ɗaure min kai shi ne, kayan Fotugal ne amma sunayen kamfanonin duk na Ingilishi, me ya kawo haka?

AMSA: Malam barka kadai, Allah ya saka da alherin tarbiyyar yara. Rigimar Ingila da Faransa ce ta jawo. Turawan Ingila da can giyar Faransa suke sha, da yaƙe-yaƙe suka ɓarke tsakaninsu a ƙarshen ƙarni na 17 aka riƙa hana shigo da ita ko a lafta mata haraji, sai fatakensu suka gangara Fotugal wadda daɗaɗɗiyar ƙawarsu ce. A 1703 aka ƙulla yarjejeniyar Methuen, Fotugal ta buɗe ƙofa ga yadin ulun Ingila, ita kuma Ingila ta yarda harajin giyar Fotugal ya zama ƙasa da na Faransa da kashi ɗaya cikin uku. Daga nan kasuwa ta buɗe. Zuba barasa ma asalinsa dabarar hana kaya lalacewa ne a doguwar tafiyar jirgin ruwa, daga baya masu saye suka saba da ɗanɗanon har ya zama shi ne sana'ar. Warre's tun 1670 ake lissafa shi, Taylor's 1692, Sandeman 1790. Amma ba duka ne 'yan Birtaniya ba, Kopke wanda ya fi kowa tsufa, 1638, Bajamushe ne ya kafa shi, Niepoort na 1842 asalinsu Holan, sannan ga na 'yan ƙasa irin su Ferreira da Ramos Pinto da Poças.

Ga wani abu da zai yi maka amfani a aji. Da kuɗi ya shigo sai algus ya biyo baya kamar yadda ya saba, aka riƙa haɗa giya marar kyau da ruwan 'ya'yan wata bishiya mai baƙin ja don launi ya fito, masu saye suka gane, farashi ya faɗi warwas. Sai babban waziri na lokacin wanda aka fi sani da Marquês de Pombal ya kafa kamfanin gwamnati a 1756, aka shata iyakar yankin da aka yarda a noma inabin Porto, aka kakkafa duwatsun shaida guda 335 a kan tsaunuka, wasu na nan tsaye har yau, ya kuma sa aka tumɓuke bishiyoyin algus ɗin. Wannan na cikin yankunan noma na farko a duniya da doka ta shata musu iyaka ta kuma sa musu ƙa'ida. Mutumin fa ba shi da wasa, da masu mashaya da talakawan Porto suka yi bore a 1757 saboda kamfanin ya ƙwace musu ciniki, sojoji ya tura kuma an rataye mutane maza da mata. Saboda haka in za ka ba yara labarin ka haɗa da wannan ɓangaren, kar a tsaya kan yabon tsari kawai.

Ɗan ƙarin guzuri tunda kai mai tarihi ne, kalmar alcohol da Turawa ke kiran sinadarin maye da ita daga Larabci ta fito, alkuhl, wato dai kwallin da iyayenmu mata ke sawa a ido, mu ma can muka samo tamu kalmar. Man zaitun a harshen Fotugal azeite ne daga azzait, lardin Algarve kuma daga algarb wato yamma, don Musulmi sun yi ƙarnuka suna mulkin kudancin ƙasar har zuwa 1249.

TAMBAYA: Ranka ya daɗe ni manomin inabi ne a Kudan ta jihar Kaduna, na ci ne muke nomawa. Yarona ya nuna min hoto a waya wai gonar inabi a jikin dutse kamar matakala tun daga bakin kogi har sama, ya ce Fotugal ne. Ta yaya kuranga ke rayuwa a kan dutse, kuma da me suke ban ruwa?

AMSA: Alhaji Allah ya ƙara girma, ya albarkaci gona. Wallahi tambayarka ce ta fi faranta min rai a duk wasiƙun, don ni ma abin da ya tsaya min kenan ranar da na shiga jirgin ƙasa daga Porto zuwa wani ɗan gari Pinhão. Bayan kamar awa guda jirgin ya sauko gefen kogi ya bi shi, ta taga ɗaya ruwa kore shar a kwance, ta ɗayar kuwa tsauni ne ya miƙe an yanyanka shi dakali bisa dakali, kowane dakali da katangar dutse ta tare shi, wata ta fi mutum biyu tsayi, kuma babu siminti babu laka, dutse ne kawai aka jera kan dutse da hannu. Na sauka na je na dafa ɗaya da rana tsaka, zafinta kamar murfin tukunya, na duƙa na ɗebi abin da suke kira ƙasar gona sai na ga ɓaraguzan dutse ne falle-falle kamar fasasshen faranti, ka murza da yatsa ya dagargaje. Na daɗe a tsaye ina tunanin bayin Allahn da suka fasa wannan tsauni da diga da guduma.

Sirrin yana cikin irin dutsen. Suna ce masa xisto, falle-falle yake, kuma a wannan kwarin fallayen a tsaye suke ba a kwance ba, to ruwan hunturu sai ya bi tsagar ya sauka can ƙasa ya ɓuya, saiwar kuranga ita ma ta bi tsagar ta nutsa mitoci da yawa tana nemansa. Shi ya sa tsofaffin gonakin ba su san ban ruwa ba sam. Ga tsaunin Marão ya tare musu iskar teku, Porto tana samun ruwan sama kusan milimita 1,200 a shekara amma can ƙuryar gabas kusa da iyakar Sifen bai fi 400 ba, ƙasa da na Katsina ma. Mutanen yankin suna da karin magana wai wata tara na sanyi wata uku na wuta, kuma ba ƙari suka yi ba, a Yulin 2022 an auna digiri 47 a Pinhão. Kurangar da ta sha wuya haka 'ya'yanta ƙanana ne masu kaurin ɓawo, ba yawa, amma sukari ya taru. Ku da kuke neman manyan 'ya'ya masu ruwa na kai wa kasuwa hanyarku daban ce, kar ka ce za ka hana taka ruwa.

Abin da nake ganin zai amfane ka shi ne labarin annobar da ta same su. Wajen shekarun 1860 wani ɗan mitsitsin ƙwaro mai suna filoksera ya shigo Turai daga Amurka a jikin dashe, saiwa yake tsotsa a ƙarƙashin ƙasa, manomi ba ya ganin komai sai ganye ya fara rawaya, shekara biyu uku gona ta mutu. Ya cinye Douro, iyalai da yawa suka watse wasu suka yi hijira Burazil, har yau akwai dakalan da ba a sake dasa su ba sai zaitun da ciyayi, suna ce musu mortórios, sunan ma daga mutuwa ya fito. Magani bai zo daga feshi ba, daga aure ya zo, irin auren da kuke yi wa mangwaro. Aka gano kurangar Amurka saiwarta tana jure ƙwaron, sai a dasa ita a ƙasa a aura mata reshen irin gida a sama. Yau kusan duk inabin Turai a kan saiwar Amurka yake tsaye. Don haka Alhaji duk dashen da za a kawo maka daga nesa ka tambayi asalinsa da kan wace saiwa aka aura shi, kuma kar gona ta zama iri ɗaya tal. Tsofaffin gonakin Douro za ka samu iri ashirin talatin a cakuɗe cikin fili guda, in shekara ta ƙi wani ta karɓi wani.

Kuma dakalin dutse ba baƙonmu ba ne, mutanen Sukur a Adamawa da na duwatsun Gwoza sun daɗe suna yi don tare zaizaya. UNESCO ta sa Sukur cikin kayan tarihin duniya a 1999, Douro kuwa sai 2001.

TAMBAYA: Malam na ji ana cewa gonakin na iyalai ne ana gadonsu kaka da kakanni. Mu gidanmu da mahaifinmu ya rasu aka raba gandu kowa ya sayar da nasa, yanzu ko taki ɗaya ba mu da shi. Su ya suke yi tasu ke ɗorewa? Daga wata uwa, Maraɗi.

AMSA: Hajiya Allah ya jiƙan mahaifinku ya sa ya huta. Gaskiya ne akwai iyalan da suka riƙe, amma labarin kashi biyu ne, kuma kashi na biyun ba a cika faɗarsa ba.

Babbar gona da gidanta da wurin matsa inabi ita ake kira quinta. Iyalin Symington kakansu ya zo Porto daga Sikotilan a 1882, yau jikokin jikokinsa ne ke riƙe da Graham's da Dow's da Warre's da Cockburn's. Abin da irin waɗannan gidaje ke yi shi ne ba sa yanka ƙasa, kamfani suke mayar da ita, magada su raba hannun jari da riba, a zaɓi wanda ya iya ya jagoranta, gona tana nan ɗungurungum. Wannan kuwa bai saɓa wa rabon gadonmu ba, ana iya ƙididdige wa kowa rabonsa mace da namiji yadda shari'a ta ce, a rubuta, sannan magada su yarda su bar gonar a haɗe suna raba amfani. Inda ake samun matsala shi ne in babba ya mayar da haɗakar hanyar danne ƙannensa mata, shi ya sa rubutu da shaidu suka zama dole.

Tunda ke uwa ce bari in ba ki labarin wata mace. Dona Antónia Ferreira an haife ta 1811 a kusa da garin Régua na kwarin Douro, mijinta ya mutu ya bar ta tana da shekara 33 da 'ya'ya biyu, ta karɓi ragamar gonakin gidan da kanta. Wani babban mai mulki na lokacin, Saldanha, ya so ya aurar da 'yarta ƙarama ga ɗansa da ƙarfin tsiya saboda dukiyar, ta ɗauke yarinyar suka gudu har Ingila. Lokacin annobar ƙwaron nan da kowa ke sayarwa yana gudu ita ta tsaya ta ci gaba da dashe tana ba mutane aiki, ta taimaka wa asibitocin yankin, talakawa suka riƙa kiranta Ferreirinha wato 'yar Ferreira tamu. A 1861 jirgin ruwan da take ciki ya kife a wani mugun gurbi mai suna Cachão da Valeira, ita ta tsira, abokin tafiyarta Baron Forrester Baturen da ya zana taswirar kogin ya nutse ba a ga gawarsa ba. A 1877 ta sayi wani fili mai faɗi can ƙuryar gabas inda ba kowa, ta mayar da shi Quinta do Vale Meão, ta rasu 1896, kuma wannan gonar har gobe tana hannun zuriyarta. Amma shi kamfanin Ferreira ɗin an sayar da shi a 1987, kin ga su ma ba komai suka iya riƙewa ba.

To ga kashi na biyu. Masu noman inabi a Douro sun kai kusan 20,000 a kan hekta wajen 43,000, in kika raba za ki ga kowa kamar hekta biyu ne, da yawansu ma ko ɗaya ba su da ita, don su ma rabon gado ya daddatsa musu gonaki kamar namu. Waɗannan ba su da suna a kan kwalba, inabi kawai suke sayar wa manyan gidaje ko ƙungiyar haɗin kai. Rayuwarsu a rataye take da wata takarda da ake kira benefício, hukumar kula da giyar Douro da Porto wato IVDP ce ke faɗar ganga nawa za a mayar Porto a kowace shekara, sannan a raba wa gonaki gwargwadon darajarsu daga A zuwa F, ana duba tsayin wurin da gangararsa da irin ƙasa da irin inabi da shekarun kuranga da inda gonar ta fuskanta. Inabin da ya shiga cikin takardar kuɗinsa ya ninka na wanda bai shiga ba ko ma fiye, shi na wajen sau da yawa ko kuɗin aikinsa ba ya mayarwa, don a wannan gangaren tarakta ba ta shiga tsofaffin dakalai, komai da hannu ne ko da alfadari. Yanzu kuma masu shan Porto a duniya raguwa suke, an rage adadin daga ganga 104,000 a 2023 zuwa 90,000 a 2024, manoma sun fito zanga-zanga a Régua, wasu inabinsu ya bushe a jikin kuranga ba mai saye. Kura da shan bugu gardi da kwashe kuɗi, abin da manomin gyaɗa da na auduga a ƙasarmu ya sani sarai. Matasa sun tafi Porto da Faransa da Suwizalan, tsofaffi ne suka rage suna gyara katanga in ruwa ya rusa ta, kuma wannan ne ke ci min rai, don katangar da ba mai ɗaga dutsenta in ya faɗo damina kaɗan za ta kai.

TAMBAYA: Yaya dan Allah a taimaka min da shawara. Wani ya ce zai samo min aikin tsinkar inabi a Fotugal na wata biyu, in biya shi kuɗin hanya in shiga da bizar yawon buɗe ido daga baya a gyara min takardu. Aikin ya halatta? Kuma ya wahalarsa take? Daga ƙaninka, Agadas.

AMSA: Ƙanena ka tsaya ka ji ni da kyau kafin ka ba kowa ko sisi. Hanyar nan ta shiga da bizar yawo daga baya a nemi izinin zama, gwamnatin Fotugal ta rufe ta tun watan Yunin 2024, yanzu sai da bizar aiki daga ofishin jakadanci tun kana gida. Duk wanda ya ce maka zai gyara daga baya ko dai bai san an canza ba ko kuma yaudararka zai yi. An sha kama 'yan kwangilar leburori a kudancin ƙasar wajen Beja da suka tara baƙi a ɗaki guda, suka karɓe musu fasfo, suna zaftare kuɗin haya da na mota daga albashi har mutum ya tashi ba komai. In ba ka ga kwantiragi a rubuce da sunan mai gona ba kar ka motsa.

Aikin kansa ba wasa ba ne. A Satumba ake yi wani lokaci tun ƙarshen Agusta, ana fita da asuba, mutum a duƙe da almakashi cikin rana, sannan a ɗauki akwatunan inabi a bi matakalar dutse da su, da can ma manyan kwanduna ne masu kilo 50 zuwa 60 maza ke saɓawa a baya. A wasu gonakin har yau da dare ake shiga wani kwarami na dutse mai suna lagar, inabi har gwiwa, mutane su jeru kafaɗa da kafaɗa suna taka shi da ƙafa awa biyu ana ba su lissafi kamar sojoji kafin a sake su kowa ya taka yadda ya so, wai don tafin ƙafa yana fasa ɓawo ba ya fasa ƙwallon da ke kawo ɗaci.

Maganar halacci kuwa, inabin Douro na giya ne, ba wanda zai ce bai sani ba. Aya ta 90 a Suratul Ma'ida ta ce a nisance ta, kuma hadisin Anas da Tirmizi da Ibn Majah suka ruwaito ya lissafa mutum goma da aka la'anta a kanta, ciki har da mai matsa ta da mai ɗaukarta da mai cin kuɗinta. Malamanmu na Malikiyya sun hana ko sayar da inabi ga wanda ka san giya zai yi da shi. Shiga lagar dai matsa ce ƙarara babu wani kewaye-kewaye, tsinkar ma ni ban ga yadda za ka raba ta da taimakawa ba, ka je ka zauna da malamin da ka yarda da shi ka faɗa masa aikin yadda yake kar ka rage komai.

Amma ƙasar ba inabi kaɗai take nomawa ba. Akwai girbin zaitun daga Oktoba zuwa cikin hunturu a yankunan Alentejo da Trás-os-Montes, akwai almon a ƙarshen bazararsu, lemu a Algarve, fiya irin ta Turai a yammacin ƙasar cikin Agusta, ga kamun kifi da gini. In ka samu wanda zai ɗauke ka a ɗaya daga cikin waɗannan, ka ce ya turo kwantiragin, ka kai ofishin jakadanci da kanka, fasfonka kuma ya zauna a aljihunka kar ka miƙa wa kowa ya ajiye maka.